Gyaran Wake

Ranar da labarin ya iso wa Tabawa, tana madafi tana wanke gwangwanayen alale, na'urar Shaida kuma tana manne a bango da koriyar fitilarta. Da safe ta haska mata tambarin ledar waken, na'urar ta ce da muryar nan tata mai sanyi, "Farin wake, bene na goma sha biyu. Lafiya lau ne." Ana kiran la'asar 'yarta Saude ta shigo babu sallama, babu takalmi. Malam Tanimu, mijin Tabawa, ya faɗi a wajen aikinsa na gyaran lif ɗin hawa bene bayan ya ci alalen da ta dafa masa na abincin rana. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Ita ba ta ci alalen ba. Ranar Litinin ce, tana azumi.

A Birnin Tsauni na wannan zamani babu mai noma a ƙasa. A benayen gilashi ake shuka, kuma kowane iri an sarrafa shi a ɗakin gwaji, an dasa wa kowace ƙwaya lamba a cikinta. Mai sayarwa zai auna mudu, ya ɗora a kan farantin Shaida ta kasuwa, ta karanta ƙwayoyin, ta fito da tambari a manna wa leda. Shaida ta gida kuwa tambarin nan kaɗai take karantawa. Akwai wani wake da ba a kawowa kasuwa, ana ce masa waken katanga. A gefen shuka ake jera shi don ƙwari su ci su mutu, in an yi girbi a ƙone shi. A ido ba ka bambanta shi da waken ci.

Bayan sadakar bakwai wani jami'i ya zo daga ofishin bin sawun abinci, Malam Ashiru sunansa. Ya yi gaisuwa, ya zauna a bakin tabarma.

"Mama, likita ya samu waken katanga a cikin marigayi. Amma mun bi mudunki tun daga bene har tukunya, tsaf yake."

"To ta ina ya shiga?"

"Abin da na zo tambayarki ke nan," in ji shi, yana kallon hannuwanta.

Ta gane kallon. Shekara talatin da ɗaya tana dafa wa mutumin nan abinci. Bayan tafiyar jami'in ta zauna tana bin ranar kasuwar a ranta, ɗaya bayan ɗaya, har ta iso wurin da ba ta so ta iso. Kande mai wake ta auna, ta ɗora a faranti, tambari ya fito. Sannan, kafin a ɗaure leda, Tabawa ta ce, "A yi gyara mana." Kande ta sa hannu a wata ƙwarya ƙarƙashin tebur, ta zuba. Tabawa ta ce, "Hannunki ya ƙanƙance yau? Ƙara." Kande ta ƙara tana dariya. "Ke Tabawa, ko kabari aka auna miki sai kin nemi gyara."

Da ta fita takaba, ba ta je gidan kowa ba sai rumfar Kande. Kande ta miƙe za ta yi mata ta'aziyya, Tabawa ta tsayar da ita.

"Ƙwaryar nan ta ƙasa, daga ina kike samun wakenta?"

Kande ta waiga hagu da dama. "Wajen masu sharar benaye. Abin da ya zube a ƙasa suke tarawa. Wa zai yi gyara da na buhu? Na buhu na'ura ta san adadinsa, in ya ragu sai ta yi ƙara."

"Ke kaɗai?"

"Duk layin nan, har masu gero. In ba ka yi gyara ba, wa zai dawo wajenka?" Sai ta dubi fuskar Tabawa, ta zauna a kan buhu. "Yaya, ba dai..."

"Sau biyu na ce ki ƙara," in ji Tabawa.

Washegari ta hau jirgin dogo mai bi ta saman gari ta je ofishin. Ta faɗa wa Malam Ashiru komai, ba ta ambaci sunan Kande ba. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo mata da allon aikinsa, ko da yake ba ta iya karatun boko sosai ba.

"Nan ake sa lambar tambari, Mama. In babu lamba, allon ba ya buɗe shafi na gaba."

"To ka rubuta da hannu."

"In na rubuta, na ce ke nan duk tambarin da ke garin nan bai san abin da ke cikin ledarsa ba. Shekara ashirin ana gina abin nan. Wa zai karɓi takardar daga hannuna?"

Ya sunkuyar da kai, ya danna wurin da aka tanada: ba a gano asali ba. Ya ce mata an wanke ta daga zargi, ta je ta huta.

Kande ta rufe rumfa, ta koma wajen danginta. Wata mata ta karɓi wurin, da tata ƙwaryar a ƙarƙashin tebur. Da farko Tabawa tana tare matan da suka zo cefane a bakin kasuwa tana faɗa musu haɗarin gyara. Wasu su ce Allah ya ba ta haƙuri, wasu su ce mutuwar miji ce ta taɓa ta. In ta wuce sai ta ji a bayanta ana cewa, "A yi gyara mana."

Yanzu Saude da 'ya'yanta mata biyu suna zaune tare da ita. Kullum in Tabawa ta sauke tukunya, sai ta ɗibi cokali uku ta ci, ta rufe murfin, ta zauna a kan turmi tana kallon inuwar katanga. 'Yan matan suna zagayawa da kwanoninsu suna mita. Ba ta zuba wa kowa sai inuwar ta kai bakin randa, ta ga babu abin da ya same ta.