Zan Sauka

Ranar da Auta ta fara ganinsa, ihu yake yi.

"Zan sauka! Daga hagu! Kowa ya bar titi!"

Ta juya tana neman wanda ake faɗa da shi, ba ta ga kowa ba. Wani dogon saurayi ne tsaye a bakin fili, rimot a hannu, ido a sama, yana lallaɓo farin jirginsa har tayoyin suka taɓa ciyawa. Ya sake ɗaga murya, "Zan shiga fili!" Ya duba dama, ya duba hagu, sannan ya taka ya ɗauko abinsa.

Dattawan da ke zaune a rumfa suka kwashe da dariya. Mahaifinta, wanda yake shugabancin kulob ɗin masu jiragen rimot tun tana firamare, shi ya fi kowa ƙyaƙyatawa.

"Abba, wane ne wannan?"

"Sabon mamba ne, malamin kimiyya. Lasifika muke ce masa. Kada ki matsa kusa, sai ya kashe miki dodon kunne."

Ta matsa kusa.

"Malam, wa kake gaya wa? Ba mai sauraronka fa."

"Ke ai kin saurara," ya ce, yana cire batir. Ya nuna mata wani jan jirgi da ke shawagi, mai amfani da fetur, fukafukinsa sun kai tsawon mutum. "An ce ke ma'aikaciyar jinya ce. Wancan ya kai nauyin yaron goye, yana kuma gudun mota. In ya samu mutum a fuska, me za ki iya ɗinkewa?"

Sai ta ba shi lambar wayarta.

Filin nan ba shi da igiya ko shinge. Motoci a bakin titin sauka ake jera su. Wanda ya ga dama ya tashi, wanda ya ga dama ya sauka, wanda jirginsa ya maƙale ya shiga tsakiya yana waya. Kuma ba jahilai ba ne: akwai likita, akwai lauya, akwai tsohon injiniya. In aka yi magana sai su ce ai sun san juna, kamar jirgin da ke faɗowa yana tambayar wa ya san wa.

Mai jan jirgin shi ne Kyaftin. Bai taɓa tuƙa jirgin gaske ba, amma ya iya ratso saman rumfa ƙasa-ƙasa har huluna su faɗi, a yi ta tafi. Shi Abba yake so ya zama surukinsa, kuma bai ɓoye ba.

Soyayyar Auta da Lasifika a waya ta yi ƙarfi.

"Matuƙiyar zuciyata, yau ɗalibai sun tambaye ni me ya sa nake murmushi ga allo. Na ce musu wani lissafi ne ya fito daidai."

"Malamina, ashe ka iya magana a hankali. Na ɗauka ko 'ina sonki' da ihu za ka faɗa."

Taron kulob ne ya ɓata komai. Lasifika ya miƙe ya nemi a ja igiya tsakanin rumfa da titi, kuma kowa ya riƙa kira kafin ya sauka ko ya shiga fili. Abba ya gyara zama.

"Yaro, tun ba ka san rimot ba muke filin nan. Ba a taɓa ko ƙwarzane ba."

"Ranka ya daɗe, wannan sa'a ce, ba iyawa ba."

A mota, kan hanyar gida, Abba ya ce mata, "Wanda ya kira ni mai sa'a a gaban mutanena ba zai taka ƙofar gidana ba. Kin ji na gaya miki."

Ba su kore shi ba. Abin da suka yi ya fi kora muni: suka mai da kiransa abin wasa. Lauya zai fito daga mota, sai ya ƙwala, "Zan sauka!" Likita zai zauna kan kujera, "Zan sauka! Daga hagu!" A amsa masa da "Sauka lafiya!" a yi ta riƙe ciki. Har a gida, in Abba zai sauko daga bene, sai ya faɗa, Umma ta yi dariya ba tare da ta san tushen zancen ba.

Auta ta rame. Ga uba, ga wanda take so, ga Kyaftin yana aiko gaisuwa ta hannun yayanta. Daga ƙarshe ta rubuta:

"Malamina, alfarma ɗaya. Asabar ɗin nan ka bar jirgi a gida, ka bar ihu a gida. Ka zo ka gaida Abba, ka zauna a rumfa, ka sunkuyar da kai. Ko sun tsokane ka kada ka tanka. Ya ga kana da ladabi, ni zan ƙarasa sauran."

Ya rubuto mata:

"Rabin raina, in na yi shiru a filin nan ban san ko wane ne ni ba. Amma ke kika roƙa. Zan yi."

Ya cika alkawari. Ya durƙusa ya gaida Abba, ya samu "lafiya" a daƙile, ya zauna a ƙarshen benci yana kallon takalmansa. Auta na gefe tana jin daɗi.

Jirgin Abba ya sauka ya tsaya cak a tsakiyar titi, tayarsa ta maƙale. Ya ajiye rimot ya taka ciki, bai ce wa kowa komai ba, kamar kullum. Jirgin Kyaftin yana sama.

"Zan sauka!" Muryar Kyaftin ce. "Zan sauka! Zan sauka!"

Rumfa ta kece da dariya. "Sauka lafiya!" in ji Lauya. Abba, yana sunkuye ya ba su baya, ya ɗaga hannu ɗaya alamar ya ji wasan. Auta ta harari Lasifika, ta ce ƙasa-ƙasa, "Da kai yake. Kada ka ɗago."

Bai ɗago ba. Sai da dariyar ta lafa kunnensa ya gaya masa abin da idonsa bai gani ba: babu ƙarar inji a sama. Injin Kyaftin ya mutu, jirgin yana zubowa shiru, kuma wannan ne karo na farko a rayuwarsa da ya yi kiran da gaske.

Lasifika ya zabura. "Abba! Kwanta!"

Abba bai kwanta ba. Juyowa ya yi.

Auta ba ta tuna gudun da ta yi ba. Ta dai tuna gwiwoyinta a ciyawa, mayafinta dunƙule a fuskar mahaifinta yana jiƙewa, tana ba manyan mutane umarni suna rawar jiki. Lasifika ne ya ɗauke shi ya sa a mota.

An ceto ransa. Idon hagu ya tafi.

Kwanaki ta yi ba ta buɗe saƙon Lasifika ba. Ita ta rufe bakin mutum ɗaya da ke kallon sama a filin nan, ita ta ce ya kalli ƙasa. Da wane ido za ta dube shi? Shi kuwa ya ɗauki shirun a matsayin hukunci.

"Na san abin da ya sa kika yi shiru. Da na iya magana da manya, da ba su mai da kalmar wasa ba. Bakina ne ya jawo. Ba zan sake damunki ba, amma ki gaya min yaya jikinsa."

Ta karanta a barandar asibiti ta yi kuka mai cin rai. Sannan ta rubuta: "Kai kake neman gafara? Ni na ce kada ka ɗago. Malamina, ni ce."

Da ta koma ɗaki ta tarar da 'yan kulob sun zo dubiya. Kyaftin yana rakuɓe a kusurwa, idanunsa sun kumbura, yana ta maimaita, "Wallahi na yi kira." Lauya yana cewa, "Tsautsayi ne, Shugaba. Ƙaddara ce, ba laifin kowa."

Auta ta ajiye kwanon da ke hannunta da ƙarfi.

"Baba Lauya, na yarda da ƙaddara. Amma ba ƙaddara ce ta ce 'sauka lafiya' ba. Bawan Allah ya yi kira sau nawa, muka yi dariya. Har da ni. An gaya muku a ja igiya, an gaya muku a riƙa kira, kuka mai da mutum mahaukaci. Yanzu kuma ba laifin kowa? Sai wani ya mutu sannan za a samu mai laifi?"

"Auta!" in ji Umma.

"Ƙyale ta," Abba ya ce daga kan gado. Muryarsa ta dushe saboda bandeji. "Ku kira min malamin nan."

Ya zo, ya durƙusa a gefen gado. Abba ya juyo da kansa gaba ɗaya don ya gan shi da idon da ya rage.

"Na ji kiran, ka gane? Sarai na ji. Kai ka kawo mana kalmar da za ta tsare mu, ni na kashe ta da bakina." Ya numfasa. "Har yanzu ba ka da ladabi."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"To ka zauna a haka. Filin nan ba zai buɗe ba sai ka ja igiyarka. Wanda ya sake wasa da kira, ko ɗan'uwana ne, ya kwashe kayansa. Kuma ka turo manyanka. Yarinyar nan ta koyi bakinka, ba mai iya zama da ita sai kai."

Kyaftin ya miƙe ya ba Lasifika hannu, ya fita.

An ɗaura auren bayan an cire ɗinki. Ba a yi wani shagali ba, gidan bai gama farfaɗowa ba. Abba ya rataye jirginsa a bango, don mai ido ɗaya ba ya gane nisan abu da kusancinsa.

Da za a tafi da amarya, suka durƙusa gabansa su biyu. Ya gyara baƙin tabarau, ya miƙa hannu zai dafa kan 'yarsa, hannun ya sauka a iska, ɗan nesa da ita. Auta ta matso da gwiwoyinta a hankali har kanta ya shiga ƙarƙashin tafinsa.

"Allah ya yi muku albarka," ya ce. "Ya ba ku zuri'a masu faɗar gaskiya, ya ba ku kunnen jin ta tun da sauran lokaci."

"Amin, Abba," suka ce tare.