Akuya Ta Sake Shiga Fili

Ku matso ku ji abin haushi, wanda ko jariri ya ji sai ya yi tsaki.

Akwai wani yaro mai wayon tsiya. Shi ya ƙirƙiro wasan kokawa da murfin kwalba. Kowa ya ɗauki murfi, ya raɗa masa suna. Kowane murfi yana da tsakuwa biyar, su ne ƙarfinsa. Sai a jefa ɗan ludo. Wanda ya samu ƙaramar lamba ya rasa tsakuwa ɗaya. Wanda tasa ta ƙare, an ka da shi ke nan.

Don wasan ya ƙara armashi, sai yaron ya yagi kwalin sabulu. Ya rubuta abubuwa shida a kai, ya sa masa suna Takardar Ba-zata. In ɗan ludo ya nuna ɗaya, akuya ta shiga fili, a koma farko. In ya nuna biyu, wandon mai rinjaye ya yage, ya rasa tsakuwa biyu. Haka dai har shida.

Yara suka so wasan. Kullum bayan makaranta sai su cika barandar gidansu. Suka sa wa yaron suna Alƙali.

To, ga inda gizo ke saƙar. Ba a taɓa faɗin lokacin da za a ɗauko takardar ba. Tana aljihun Alƙali, sai ya ga dama.

Ranar wasan ƙarshe, murfinsa mai suna Guguwa ya haɗu da Tsinke, murfin ƙanwarsa Auta. Can sai ga Tsinke da tsakuwa huɗu, Guguwa da ɗaya tak.

Alƙali ya zabura. "Ba-zata!"

Ya jefa, ɗaya ta fito. "Akuya ta shiga fili! A koma farko."

Auta ta turo baki, amma ta haƙura. Aka sake. Tsinke ya sake danne Guguwa.

"Ba-zata!" in ji Alƙali.

"Haba, Yaya!" Auta ta miƙe tsaye. "Wannan akuyar taka ce? Ba ta shigowa sai kana ƙasa?"

Abokinsa Dogo ya ce, "Jiya da ake cin nawa na ce a ɗauko takardar. Ka ce ba lokacinta ba ne."

"Ni na rubuta ta," in ji Alƙali. "Wanda bai so ba, ga hanya nan."

Ai kuwa suka bi hanyar. Auta ta watsar da tsakuwarta tana hawaye. Dogo ya sa murfinsa a aljihu. Baranda ta zama wayam.

Kwana uku ba wanda ya leƙo. Alƙali ya zauna yana jefa ɗan ludo shi kaɗai, yana cika yana batsewa. Wai shi aka yi wa laifi! Kun ji fa ƙarfin hali.

Kakansu yana kan kujerarsa yana kallon komai. Ya ce, "Kai, sarkin 'yan kumburi, kawo wasan nan. Ni da kake gani, ina saurayi na ka da ƙarti bakwai da hannun hagu, na dama yana riƙe da kofin shayi. Ko ɗigo bai zube ba."

"Kaka, jiya biyar ka ce."

"Biyun na manta da su ne. Ba ni murfi. Amma ni babba ne, ni zan riƙe takardar."

Aka fara. Guguwa ya yi ta cin tsoho. Saura wa Kaka tsakuwa ɗaya, Alƙali har ya fara rawa.

Kaka ya yi gyaran murya. "Ba-zata!"

Aka jefa. Wandon Guguwa ya yage. Da Alƙali ya sake wucewa gaba, Kaka ya ce, "Ba-zata!" Akuya ta shigo. Aka koma farko. Ya sake wucewa, Kaka ya sake cewa, "Ba-zata!"

Alƙali ya daki tabarma. "Wallahi Kaka wannan cuta ce! Ƙiri-ƙiri! Sai ina cin ka kake ɗauko ta!"

"A'a, takardar tana hannuna. Wanda bai so ba, ga hanya nan."

Maganar Alƙali ce aka mayar masa, ko gishiri ba a ƙara ba. Kunya ta kama shi.

Kaka ya ce, "Da zafi, ko? Ni sau uku na yi maka, har kana neman cinye ni. Su sau nawa ka yi musu? Abin da kai ka zaɓi lokacinsa ai ba ba-zata ba ne, ɗan nema. Zamba ce."

"To yaushe za a riƙa ɗauko ta?"

"Kira masu wasan, ku yanke tare. Tun kafin a fara."

Alƙali ya je ya samu Auta da Dogo. Ya ce, "Na cuce ku. Ku yi haƙuri."

Auta ta harare shi. "Ka ɗaure akuyar?"

"Na ɗaure."

Suka zauna suka yi shawara. Ba za a taɓa takardar ba sai lambobin masu karawa biyu sun zo iri ɗaya. Kuma a tsakiyar tabarma za ta zauna, ba a aljihun kowa ba.

Aka sake wasan ƙarshe. Guguwa na da tsakuwa biyu, Tsinke na da ɗaya. Suka jefa. Huɗu da huɗu!

Yara suka yi ihu, "Ba-zata!"

Dogo ya jefa. Biyu! Wandon Guguwa ya yage, tsakuwarsa ta ƙare.

Kowa ya zuba wa Alƙali ido. Ya kalli takardar. Sai ya ɗaga hannun Auta sama. "Tsinke ya ci!"

Baranda ta kaure da tafi. Kaka ya ce, "Ni na koya mata wannan kamun."

Tun daga ranar yaron ya gane: dokar wasa kafin a fara ake kafa ta, kuma ta hau kan kowa, har da wanda ya rubuta ta.