Ƙoƙon Kan Jirgin Tarrant

Ranar Litinin da safe aka tarar da akwatin gilashi a buɗe a wani ƙaramin gidan tarihi a garin Greensboro na Amurka. Ba a fasa ba, makulli aka sa.

Kayan Tarrant ake nunawa, jirgin ruwan yaƙi mai igwa goma sha takwas, na zamanin da iska ke tura jirage. An ƙera shi a 1838, ya yi farautar jiragen bayi a gaɓar Afirka, ya nitse a yaƙin basasar Amurka. Ɓarawon ya bar takobin kyaftin, ya ɗauke ƙoƙon kan wani bawa da jirgin ya ceto, ya rasu a hanya, likitan jirgin ya adana kan tare da layarsa.

Mutum biyu ke da makulli. 'Yan sanda suka zaɓi mai sauƙin kamu: Laouali mai shara, ɗan Maraɗi, wanda bizarsa ta ƙare.

"Wallahi, patron, ko kallonai ban so," ya ce wa Sufeto Davou, ɗan Jos. "In anka maishe ni gida, ɗiyana fa?"

Ɗaya mai makullin, Dakta Ubale, shi ya rubuta tarihin jirgin.

"Ina conference a Raleigh, officer."

Amsar ta zo da wuri, ta yi wa Davou santsi da yawa. Layar ta nuna bawan Musulmi ne, kamar Ubale. Davou ya tambayi kansa abin da Musulmi zai yi da kan Musulmi, ya nufi High Point Road, shagon da Hajiya Fassouma ke sayar da likkafani.

"Hajiya, wa ya sayi farin yadi makon nan?"

"Dakta. Ɗan ƙarami, na jariri. Na yi ta jiran sanarwa a masallaci in je gaisuwa, shiru."

A garin nan ko jinjiri ya rasu sai kowa ya ji. Davou ya koma ofishin Ubale.

"Likkafani babu mamaci, Dakta. Kai ka binne shi."

Ubale ya sunkuyar da kai. "Yara suna ɗaukarsa hoto suna dariya. Na yi masa salla, na rufe shi a Summerfield."

"Ka kuma bar Laouali a kulle. Lauyan gwamnati zai ce bakinka bai isa ba, sai an ga kan za a sake shi."

Davou bai taɓa jin ƙyamar aikinsa kamar ranar ba. Ubale ya ce a ba shi shebur, shi zai tone da kansa.