Taku Arba'in Zuwa Tsamiya

"Wallahi ba zan bar ki ba," in ji Jalo. "Shanun Baffa su yi kudu ba da ni ba."

"Ka tafi mana..." Zuliha ta ce wa mijinta, tana riƙe da bakin gado, don ɗakin juyawa yake da ita.

Shekarar da sanƙarau ya ratsa rugarsu ta bayan Azare, ya kashe mata kunnen hagu, ya bar ta da jiri. Matar da ke kai ƙwarya uku kasuwa a ka, yau ko bayan gida sai an riƙe ta. Wata huɗu Jalo yana lallaɓa ta kamar ƙwai, ko waiwaye ya hana ta.

Goggo Meram ta tsoma baki. "Kai yaro, son nan naka shi ya kwantar da ita. Kunne ya mutu, to ido da tafin ƙafa za su karɓi aikinsa, amma sai ta yi tangaɗi ta faɗi tukuna. Kai kuwa ba ka iya ganin faɗuwarta. Bi shanun ubanka."

Ya tafi yana goge ido da hannun riga. "Sanyin idona, da ruwan fari zan dawo."

Kashegari Zuliha ta miƙe, ta kafa ido a kan tsamiyar da Jalo ya ɓace a bayanta, taku arba'in daga ƙofar ɗakinta. Taku uku, ta zube tana amai. Goggo ko gezau.

"Tashi. Kuma kada ki kuskura ki rufe ido a tsaye."

Kai, ta sha ƙasa a ranin nan, gwiwoyi duk tabo. Sannu jirin ya riƙa ja da baya. Ta ɗora ƙwarya ba komai, ta ɗora da ruwa, har ta kai tsamiyar da nono ko ɗigo bai zuba ba. Duk don Jalo ya gani.

Ran da shanu suka dawo ta sa kwalli, ta aza ƙwarya, ta yi taku arba'in ɗin nan cif. Bubayero, ƙanen Jalo, ta tarar a gaba, riƙe da wata sabuwar sanda.

"Adda Zuliha... kogi ya tafi da shi. Ya ƙi jira ruwa ya janye, wai kina jiransa. Wannan ke ya sassaƙa wa, ki riƙa dogarawa."

Zuliha ta runtse ido. Ƙasa ta kife, ƙwarya ta tarwatse.

"Bai gani ba, Goggo," take faɗi tana kuka, sandar a ƙirjinta. "Ko taku ɗaya bai gani ba..."