Askin Suruki

Auta ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakin za ta ajiye tiren rana, sai ga na safe nan yadda ta bar shi. Shayin ya huce har ya yi yana, ƙwayoyin magani na zaune a murfin kofi kamar su aka bar wa gadin gidan.

"Gwanina!" ta ƙwanƙwasa. "Wai me kake nufi da ni ne?"

Tari ne ya fara amsa mata, irin mai kankare ƙirji. Can muryar mijinta ta biyo baya a shaƙe. "Ki ɗauke, Auta. Ba na ci."

"Ba ka ci, ba ka sha, ba ka shan magani. To iska za ka ci? Ita ma iskar ai da ƙyar take shiga!"

Ta gyara takunkumin fuskarta ta jingina da bango, idonta ya sauka kan kujerar aski da ke tsakar gida, an lulluɓe ta da tsohon zane. Duk masifar nan a kanta ta faro.

Mijin Auta mai aski ne, kuma tun kafin ya san da ita shi ke yi wa babanta aski. Baban ne ma ya haɗa su. Cewa ya yi, yaron da zai ɗora reza a maƙogwaron mutum hannunsa bai yi rawa ba, zai iya riƙe mace. Da annoba ta shigo aka rufe shaguna da masallatai, sai Mai Aski ya ɗauko kujerarsa ya kawo gida. Wata safiya ya tashi jikinsa na tsami, maƙoshinsa na ƙaiƙayi, sai ga sallamar Baba. Tsohon ya shigo da sandarsa, ya haye kujera ya cire hula yana dariya. "Gashi dai bai san dokar kulle ba, ɗana. Bismilla!"

To ina bakin da suruki zai ce wa uban matarsa tashi? Kalmar ta zo masa har leɓe, kunya ta mayar da ita ciki. Ya yi askin. Ba a daɗe ba dukansu biyu suka kwanta. Baba aka tafi da shi asibiti, bai dawo ba. Mai Aski kuma nas ta ce ya killace kansa a ɗaki, matarsa ta riƙa ajiye masa abinci daga waje.

Auta na cikin wannan tunani aka banko ƙofar gida. Babban yayanta ne, takunkuminsa a ƙasan haɓa kamar gemu, makullin mota na karkaɗawa a yatsa.

"Ɗauko mayafinki mu tafi."

"Ina wuni, Yaya."

"Ban zo wuni ba! Kina zaune kina dafa wa ɗan almakashin da ya kashe miki uba abinci? Ke wace irin 'ya ce?"

"Yaya, filis, ka rage murya, yana jinka."

"Don ya ji na ɗaga! Ko wanka ba mu yi wa Baba da hannunmu ba, daga nesa muka tsaya kamar baƙi — saboda wa? Yau ki zaɓa, ko shi ko mu!"

Hawaye suka zubo mata. Ai ita ma uban nan nata ne, ita ce ma 'yar lelensa. Amma mutum in baƙin ciki ya cika masa ciki, wanda zai ɗora wa yake nema, kuma mara lafiyan da ba ya iya tashi shi ya fi daɗin ɗora wa kaya.

Daga cikin ɗaki muryar ta fito a hankali. "Yaya ya yi gaskiya. Ni ne sila. Auta, ki bi shi. Gara in sauwaƙe miki, na sa..."

Ta daka wa ƙofar duka da tafin hannu har tiren ya yi tsalle. "Kul! Haɗiye ta! Wallahi ka ƙarasa kalmar nan sai na ɓalle ƙofar na shigo, in ya so cutar ta kama mu tare!"

Ta juya za ta share ido, sai ta ga butar da ta ajiye masa tun jiya, cike taf, ko ɗigo bai ragu ba. Sai yanzu ta tuna rabon da ta ji kabbararsa ta bayan ƙofa.

"Gwanina... har sallar ma ka bari?"

"Ƙafata ba ta ɗaukata. Ruwa ya taɓa ni sai kakkarwa. Kuma da wace fuska zan tsaya gaban Allah? Wannan ciwon hukuncina ne, ki bar shi ya gama aikinsa."

Nan ta san abin ya fi ƙarfinta. Ta ciro waya ta kira mahaifiyarsu da ke zaman takaba, ta zayyane mata komai cikin kuka, sannan ta sa a sifika ta ajiye a gindin ƙofa.

"Babba, kana nan?" in ji Umma. "To nemi wuri ka zauna, tsayuwa ba ta ƙara wa magana gaskiya."

Yaya ya zauna a bakin baranda yana huci.

"Akwai abin da na rufe don mutuncin ubanku, yau zan buɗe tunda za ku rushe gida a kansa. Tun kafin ya je askin nan yake tari. Banɗaki yake shiga ya kunna famfo don kada in ji. Na riƙe masa riga na ce kada ya fita, ya ce mura ce, shi ba zai zauna da kai kamar jeji ba. To gaya mini, Babba, wa ya ba wani? Shi ya kai wa yaron nan, ko yaron ne ya ba shi? Kai da kake da ido a cikin iska, faɗa mini!"

Umma ta mayar da maganar kan surukinta.

"Kai kuma ɗana na cikin ɗaki, ba zan shafa maka mai a baki ba. Ka yi kuskure. Ka ji jikinka ba daidai ba ka yi shiru don kunya. Kunya ado ce, amma ba inda rai yake ba. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana mai ciwo cuɗanya da mai lafiya. Wannan ka nemi gafara, kamar yadda nake nema wa mijina. Amma ajali ba a bakin rezarka aka rubuta shi ba. Kuma ƙin shan magani ba tuba ba ce, girman kai ne ya ari rigar nadama. Wanda ya saukar da cuta shi ya saukar da magani — kai wane ne da za ka yanke wa kanka hukunci?"

Kukan namiji ya fara fitowa ta ƙasan ƙofa.

"Ciwo ba zagi ba ne daga Ubangiji. Ko ƙaya ce ta soki mumini ya yi haƙuri, zunubi take kankare masa. Ruwa na cutar ka? Yi taimama. Ba ka iya tsayuwa? Zauna. Zaman ya gagara? Kwanta a gefenka ka yi da ishara. Ƙofar Allah ba ta cikin waɗanda aka rufe a kullen nan. Kuma ni da na rasa miji ban daina cin abinci ba, sai kai? Ko so kake 'yata ma ta zo ta taya ni takaba? Ɗakin ba zai ɗauke mu ba!"

Auta ta yi dariya cikin hawaye. Yaya kuwa ya miƙe ya fice ko sallama babu. Zuciya ba riga ba ce da za a sauya nan take.

Auta ta je ta buɗe akwatin kayan aski ta ɗauko dutsen da yake wasa reza da shi, ta wanke ta shanya, ta ɗora kan tire. "Ga dutsen taimama. Ka daɗe kana gyara ƙarfe da shi, yau ya gyara ka."

Ƙofar ta ɗan buɗe, wani ramammen hannu ya jawo tiren. Da la'asar ta yi ta ji tafi biyu sun sauka kan dutse, sannan wata siririyar kabbara. Ta shimfiɗa dardumarta a wajen ƙofa ta tayar da tata. Haka suka riƙa yi kullum, shi a kwance ita a tsaye, katako a tsakaninsu. Wata rana numfashin ya yi sauƙi, wata rana ya tsananta har nas ta zo da tukunyar oksijin. Ya sha magani, ya yi addu'a, ta yi haƙuri. Daga kwance ya koma zaune, daga zaune ya miƙe, har ranar da gwaji ya nuna ya warke.

Bayan an sassauta doka, ran nan da hantsi sai ga Yaya, gashi buya-buya. Umma ce ta matsa masa. Bai ce yi haƙuri ba — manyan yayye ba su iya wannan yaren ba — haye kujerar kawai ya yi ya ce, "A rage."

Auta ta leƙo daga kicin, zuciyarta fari tas. Sulhun da take roƙo ne ya zo da ƙafarsa. Mai Aski ya warware ƙyalle zai ɗaura masa, sai Yaya ya juya kai ya yi tari. Busasshe, mai kankare ƙirji. Idonsa jajir, goshinsa na naso.

Ƙyallen ya tsaya a hannun Mai Aski. In ya yi magana, sulhun na iya tashi har abada. Kunyar nan ta sake zo masa, amma wannan karon ya ture ta gefe.

"Yaya, ka gafarce ni. Yau ba zan yi maka aski ba. Ka ja takunkumi ka wuce asibiti a gwada ka."

"Ni kake kora? Na sauke girmana na zo gidanka?"

"Na taɓa yin shiru a kan kujerar nan. Ba zan ƙara ba. Kuma don Allah kada ka biya wajen Umma."

Yaya ya fice kamar zai cire ƙofar. Amma sunan Umma ya tsaya masa a rai, motar ta karkata asibiti. Cutar ce kuwa. Ya killace kansa, ba ta kai ga tsohuwar ba, ba ta kai ga 'ya'yansa ba. Da ciwon ya kayar da shi har ruwa ya gagare shi, Auta ta ajiye masa ƙunshi a ƙofar gidansa. Ya kwance ƙunshin, sai ga dutsen wasa reza. Wanda kuma ke kiransa safe da yamma yana cewa, "Sha magani, Yaya, ka yi ta a kwance, Allah na karɓa," ba kowa ba ne sai ɗan almakashi.

Da ya warke ya dawo, ya ajiye dutsen a hannun mai shi, ya daɗe bai saki hannun ba. Sannan ya haye kujera yana share ido da gefen hula. "To Gwani, a hankali da kan manya."

"Sai ka yi tari na ji tukuna," in ji Auta daga kicin, duk suka kwashe da dariya.

Wanda annoba ta taɓa kada ya ce Allah ya juya masa baya, kada kuma ya nemi wanda zai rataya wa ƙaddara. Ya sha magani, ya riƙe salla ko a kwance, ya kare mutane daga kansa. Haƙuri shi ya tsare wa Auta aurenta, kalmar a'a kuwa, da aka faɗa a inda ya dace, ita ta tsare mata uwa.