Ciwon Da Ya Ci 'Ya'yan Japheth

A maƙabartar Samaru Othniel ya fara ganin Dinatu, ana tsakiyar faɗa. Jariri na biyu ke nan wansa Japheth yake binnewa. Duka biyun sun ƙi nono, fitsarinsu na warin ƙonannen sukari, ba su kai sati biyu ba. Japheth ya ce jinin matarsa Bibiana ne, ya kwaɗa mata mari a bakin kabari. Dinatu, ƙanwarta, ta ɗauki shebur ta sheme shi.

Othniel, mai walda, dawowarsa ke nan daga Legas. Shi ya ƙwace shebur ɗin. Ta harare shi, ya kasa ɗauke ido.

Bayan wata uku ya tura mata saƙo: "Zakanyata, kin ci abinci? Ina tafe."

"Sarkin walda, kar ka biyo unguwarmu Muchia yau. Yayyena na jiranka."

Ya biyo. Suka fasa masa baki, suka karya masa haƙarƙari. A gida ubansa ya ƙara masa da sanda.

"Gidan da ya ci mini jikoki biyu? Haƙar kabari kake sha'awa?"

Da ya warke, Dinatu ta ja shi asibitin Shika, wurin Dakta Ayodele da ya duba jaririn.

Likita ya ce, "Jikin yaran ya kasa sarrafa wani abu da ke cikin nono, ya taru ya zama guba. Uwa kaɗai ba ta bayarwa. Sai uba ya kawo iri, uwa ta kawo. In ku biyu kuna ɗauke da shi, kowane ciki kasada ne."

A bakin titi Dinatu ta tsaya.

"Masoyi, in mu biyu ne, ba zan aure ka ba. Na ga yayata."

Ya ce, "Na ji."

Aka aika jininsu ƙasar waje tare da na jaririn da likita ya adana. Wata biyar suna jira. Takarda ta zo: Othniel yana ɗauke da shi, Dinatu babu.

Ya karanta wa ubansa a tsakar gida. Japheth da ke gefe yana ji ya shaƙe Othniel, ya buga kansa da bango.

"Jinina ya kashe 'ya'yana? Maimaita!"

"Naka da nata, Yaya. Ni ma ina da shi."

Japheth ya yi ta duka har hannunsa ya mutu, ya zube yana kuka. Sai tsohon nasu ya miƙe, ya dubi Othniel.

"Ɗauko mini hula. Muchia za mu, da akuya biyu. Ɗaya ta neman aure, ɗaya ta ban haƙuri."

An ɗaura auren a wata coci a Sabon Gari, Disambar 2007. Fasto ya miƙa wa tsoho lasifika. Ya dafa kan amarya, ya dafa na ango.

"Allah Ya raya abin da za ku haifa."

Coci ta amsa da amin, har ƙasa ta ɗauka.