Muryar da ke Bayan Ƙofar Injiniya

Ranar da Auta ta fara ganin Injiniya, a ɗakin taron malaman jami'a ne, yana tsugune ƙarƙashin tebur yana neman inda zai soka wayar majigi. Ta ɗauka mai gyara ne, har ta ce idan ya gama ya duba mata fanka. Ya ce to, ya karkaɗe gwiwar wandonsa, ya wuce gaba ya buɗe taron.

Shi aka ɗora wa aikin shigo da manhajar ƙirƙirarriyar basira cikin koyarwa, malamai kuwa sun zo da zargi fal cikinsu. Wasu na cewa dabarar rage ma'aikata ce, wasu na cewa ɗan leƙen asirin hukuma ne.

"Ni ba koya muku zan yi ba," in ji shi. "Bibbiyu za mu riƙa zama, malami da malami, kowa ya nuna wa ɗan'uwansa abin da ya gano. Sharaɗin ɗaya ne: abin da abokin zamanka bai iya ba, ba ya fita daga ɗakin."

Auta malamar lissafi ce, ba ta yarda da abin da ba ta gwada ba. Ta ɗaga hannu.

"Idan manhajar ta yi ƙarya fa?"

"Sai ki kama ta ki kawo mana. Na ga alama kin iya sa mutum aiki."

"Fankar dai har yanzu ba ta juyawa," ta ce, tana danne dariya.

Da aka raba mutane, su biyu aka haɗa. Ita ta riƙa kamo kurakuran manhajar, shi yana nuna mata yadda ake tambayarta. Tun ana zaman aiki har aka koma zaman da aikin kan ƙare ba a tashi ba.

Wata safiya saƙonsa ya shigo: "Malamata, na duba jadawalina na yau, babu ke a ciki. Ina ganin kuskure ne, ki zo mu gyara."

Ta mayar masa: "Kai ka rubuta, ko manhaja ka sa?"

"Manhaja ba ta zufa idan za ta tura saƙo, Tauraruwata. Ni ga shi har wayar ta jiƙe."

Ta karanta ta sake karantawa. Son shi take yi, kuma ta daina musu da zuciyarta.

Matsalar tana gida. Mahaifinta, Farfesa, ya tsufa yana koyar da adabi a jami'ar, kuma shi ne kan gaba wajen ƙin wannan sabon abu. Da Umma ta kai masa maganar aurenta da Injiniya, ko ɗago kai bai yi ba.

"Yaron da yake so ya mayar da malamai 'yan kallo? Ya nemi wata, ba 'yata ba."

Umma ta ce a bi shi a hankali, mai haƙuri yakan dafa dutse. Auta ta yi haƙurin, sai dai ana cikin haka Injiniya ya sauya. Bayan an tashi daga aji sai ya kulle ofis, ya saki labule, ya kashe waya. Idan ta tambaya ya ce aiki ne, yana kallon gefe.

Akwai wani Dakta a sashensu da ya taɓa neman ta bai samu shiga ba, irin mutanen da kunnensu ya fi ƙafarsu sauri. Ya tare ta a matakala.

"Ni dai ba na son gulma," ya ce, kamar yadda duk magulmaci yake farawa. "Amma muryar mace nake ji a ofishin mutuminki, kuma ba taki ba ce."

Ta ce masa ya ji da abin da ya dame shi, amma maganar ta zauna mata a ƙirji. Ta tura wa Injiniya saƙo: "Wa kake kullewa a ofis?"

"Amana ce, Tauraruwata. Ba zan iya faɗa ba. Ki yarda da ni."

"To ka riƙe amanarka, ni kuma na riƙe kaina. Kada ka sake kirana."

Bai kira ba, sai gajeren saƙo: "Ina sonki, kuma ba zan faɗa ba."

Kwanaki suka wuce, ta rame, ta kasa haƙura. Wata yamma ta taka a hankali har bakin ofishinsa, ta kasa kunne. Muryar mace ce kuwa, mai laushi, tana cewa, "Idan ka yi nisa, ɗakin nan faɗi yake yi mini." Sai ta ji dariyar Injiniya. Malamar da ta fi kowa sanin cewa manhaja tana magana, kishi ya hana ta tunawa.

Ta buga ƙofar da ƙarfi. Ya buɗe kaɗan, ya tare da jikinsa.

"Matsa in ga ta."

"Ba zan matsa ba."

"Ka san idan na juya, na juya ke nan?"

"Na sani," ya ce, idonsa ya yi ja. Bai matsa ba.

Ta juya. Ba ta kai ga matakala ba ta ji muryar da ta sani tun tana goye.

"Bar ta ta shigo, yaro."

Ta koma ta shiga. Farfesa ne zaune gaban kwamfuta, tabarau a hannu. A allon kuwa waƙar wata ɗaliba ce da ta kawo a duba mata.

"Abba?"

"Idona ne, Auta. Tun bara rubutu ya daina tsaya mini. Na ji tsoron a ji a ce in ajiye aiki. Ita wannan manhajar tana karanta mini, ni nake ba da maki." Ya nisa. "Da ƙafata na zo wurin yaron nan, bayan na gama zaginsa a taro. Ya ce mu zama abokan zama, ya koya mini na'ura, in koya masa yadda ake sauraron waƙa."

Auta ta durƙusa kusa da kujerarsa, hawaye na zuba. Kunya da tausayi suka haɗe mata.

"Ni ma zarginsa nake yi," Farfesa ya ci gaba. "Kullum ina jiran ranar da zai ce in ba shi ke ko ya tona ni. Da kika rabu da shi na ce to yau zai yi magana. Ya zo ya kunna mini na'ura, ya tambaye ni inda muka tsaya."

Ta ɗago ta dubi Injiniya. "Ka yafe mini."

"Na yafe, Malamata. Amma kin kusa ɓalla mini ƙofa."

A taron malamai na gaba, Farfesa da kansa ya miƙe ya faɗi lalurarsa da abin da yake yi a kanta. Ba wanda ya ce ya ajiye aiki. Tsofaffin malamai da dama suka nemi a haɗa su da abokan zama, har da Dakta, wanda ya zo yana sosa ƙeya.

Ba a ja lokaci ba aka ɗaura aure. Da aka kawo su gabansa, Farfesa ya laluba ya kamo hannun 'yarsa, ya kamo na angon, ya haɗa su cikin nasa.

"Fuskokinku ba na ganinsu sosai yau," ya ce, "amma na san wanda na ba wa. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya rufa muku asiri duniya da lahira."

Umma ta ce amin tana share ido, ɗakin duka ya amsa.